Ruwan wankin kuza ya ɓata mana rafi, ku faɗa mana yadda kuka yi a garuruwanku

Ɗan Doguwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni daga wani ƙauye nake a ƙasar Doguwa, ba nisa da Riruwai. Tun bayan girbin bara masu haƙar kuza suka dawo bakin rafinmu da injinan jan ruwa guda uku. Ba ƙin sana'ar nake ba, ƙannena biyu a can suke samun na cefane, kuma kuɗin kuza ne ya yi wa gidanmu rufin kwano. Amma rafin da matanmu ke ɗiba ya koma kamar kunun kanwa. Rijiyar bakin masallaci kuwa, wadda tun tasowata ban taɓa ganin ta ƙafe ba, tun watan Fabrairu guga laka yake dawowa da ita. Mai unguwa ya ce a zauna ranar Juma'a bayan an sauko. Ina so in je da magana mai amfani, kada ya zama fushi kawai na kai musu. Wanda ya taɓa ganin irin wannan, don Allah ya faɗa mana abin da aka gwada, da wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba.

Tsohon Lebura:
Wa alaikumus salam, ɗana. Da ƙuruciyata na yi kuza a Riruwai, na yi a ƙasar Jos, sai da farashinta ya faɗi a duniya a 1985 sannan na koma gona. Matsala biyu ce ta same ku, kada ku haɗa su wuri ɗaya a wajen zaman.

Ta rafi, wanki ne. Kuza nauyi gare ta, shi ya sa ake sakar wa ƙasa ruwa a kwararo, ita ta kwanta, laka da yashi su tafi. Ka tara ƙasa tsibi guda, abin da za ka samu ba zai cika mudu ba, sauran duk ruwa ne ke ɗauka. Idan bakin kwararon ya fuskanci rafi, to can zai zube. Abin da muka yi a wani wurin aiki shi ne muka ja wankin baya, nesa da gaɓa, muka haƙa ramuka uku a jere, kowanne ya ɗan fi na bayansa gangara. Ruwan wanki ya faɗa na farko, laka mai kauri ta kwanta, na sama ya tsallaka na biyu, ya tsallaka na uku. Kafin ya kai na ukun ya washe, sai a sa injin a nan ya mayar da shi kan kwararo. Ruwa ɗaya ake ta juyawa, daga rafi ciko kawai ake yi. Ka faɗa musu man injin ma zai ragu, tunda ba daga nesa za su riƙa jawowa ba. Wannan ce maganar da za ta shiga kunnensu. Sai dai ramin farko yana cika da wuri, dole a riƙa yashe shi, kuma lakar da aka yaso a tara ta kan tudu a yi mata kunya. In aka jibge ta a gaɓa, ruwan farko na damina zai kwashe ta gaba ɗaya ya mayar rafi.

Ta rijiya kuwa, ramin loto ne, wato rami mai zurfi da ake shiga a haƙo kuza. In rami ya zurfafa ya fi rijiyarku, kuma ana kwashe ruwansa dare da rana don a samu shiga, ruwan ƙasa can zai bi. Ƙara wa rijiya zurfin gaba guda ko biyu ba ya magani. Ko dai a matsar da ramukan, ko a haƙa muku burtsatse a ɗaya gefen gari.

Uwar Yara:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni roƙona, Yaya, kada ku tashi zaman nan ba ku yi maganar cike ramuka ba. A garinmu da suka gama suka tafi, suka bar su a buɗe. Damina ta cika su, ciyawa ta rufe baki. Yaron maƙwabciyata ɗan shekara bakwai ya bi akuya, sai washegari aka ciro shi. Allah ya jiƙansa. Waɗanda ke wanka a ciki kuma yawancinsu sun yi fitsarin jini, a asibiti aka ce tsargiya ce. Har yau ramukan suna nan, don ba mu san inda za mu samo masu su ba.

Malamin Asibiti:
Allah ya jiƙan yaro, Hajiya, ya ba uwarsa haƙuri.

Ni ɗan Jigawa ne, amma aiki ya kai ni Zamfara bayan abin da ya faru a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400. Dutsen zinaren da ake kawowa gida a daka a turmi, a niƙa a inji, yana haɗe da dalma. Ƙurarsa ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ruwan wanki ya bi kududdufai. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ba yara magani, amma ba a so yaro ya koma gidan da ba a kankare ƙasarsa an zuba sabuwa ba, don in ya koma gubar ce zai sake haɗiya. Na ga yaron da ya rayu amma bai ƙara magana ba. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Abin da na fi so ku riƙe: dalma ba ta da launi a ruwa, ba ta da ɗanɗano. Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma wannan ba shaida ba ce cewa guba ta fita. Tafasawa kuma ƙwayoyin cuta take kashewa, dalma tana nan, ƙara taruwa ma take yi in ruwan ya ragu. Masu zinare kuma da ke kama shi da zaiba, in ta shiga ruwa a jikin kifi take taruwa, mu kuma mu ci.

Ɗan Doguwa:
Malam, namu kuza ce, ba zinare ba. Mu ma abin ya shafe mu?

Malamin Asibiti:
A duwatsun Riruwai akwai jijiyar da kuza take haɗe da dutsen dalma, saboda haka ido ba zai raba muku gardama ba, sai gwaji. Ku ɗebi ruwa a gora mai tsabta wuri uku: sama da inda ake wanki, ƙasa da shi, da rijiyar masallaci. Ku rubuta wuri da rana a jikin kowacce, ku nemi hukumar ruwan sha ta karkara ta jiha, wato RUWASA, ko sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero, ku ce musu dalma kuke so a duba. Kafin sakamako ya fito, kada a kawo dutse ko ƙasar kuza cikin gida, ƙannenka su yi wanka su sake kaya kafin su ɗauki yaro.

Mai Lambu a Wudil:
Mu namu yashi ne. Tifofi sun kwashe gindin kogi har ya zurfafa, rijiyoyinmu na fadama da muke ban tumatir da albasa suka ja baya, gaɓa kuma tana zaftarewa da gona. Kadada guda ta mahaifina rabinta yanzu a cikin kogi take.

Direban Tifa:
Yaya, ka yi haƙuri, amma gine-gine da yawa a Kano da yashin nan ake yin su, kuma kowace tifa tana biyan kuɗi kafin ta fita. A tambayi masu karɓa me suka yi da shi. Abin da na yarda da shi, ɗiba a jikin gaɓa da kusa da gada ɓarna ce. Ni kaina na daina lodi a nan tun da na ga gaɓa ta rufto wa masu shebur.

Malamar Makaranta:
Ɗan Doguwa, ka je da wannan ma. Ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne, dagaci ba shi da ikon ba da lasisi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta hana mai haƙa gurɓata ruwa, ta wajabta masa gyara wurin in ya gama, kuma ta ce mai lasisin haƙa ya yi yarjejeniya a rubuce da mutanen gari kafin ya fara. Mu kuskurenmu da baki muka yi, da suka sauya manaja sabon ya ce bai san zancen ba. Ku rubuta da Hausa, mai unguwa da liman su sa hannu, a sa mata biyu cikin masu sa ido, don su ne ke fara ganin ruwa ya canza. Kuma ku tuna ba ku kaɗai ba ne. Kogin Kano ta dajin Falgore yake ratsawa ya zuba a Dam ɗin Tiga, manoman Kadawa da Kura da shi suke noman rani.

Ɗan Doguwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An yi zaman jiya. Baba, maganar man inji ce ta juyo da su, sun yarda za su haƙa ramukan uku cikin mako biyu, matasanmu za su taya su. An kuma hana kawo ƙasar kuza cikin gari. Burtsatse sun ce ba su da hali yanzu. Cike ramuka ne aka fi jayayya a kai: mun ce a riƙa ajiye wani abu daga kowane buhu a hannun amintattu uku saboda ranar tashinsu, biyu daga cikin masu injin sun yarda, na ukun ya ce sai ya ji daga wanda ya ba shi jari. Gorunan ruwan suna wajena, Litinin zan shiga Kano da su. Malamin Asibiti, in sakamako ya fito zan turo maka hoton takardar ka fassara mana.