Dalar Morgan mai farin da ya yi yawa: in saya ko in haƙura?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. An yi mini tayin dalar Morgan ta azurfa, tsohon sulallan Amurka, bugun 1889, mai harafin CC (alamar gidan buga kuɗi na Carson City) a ƙarƙashin mikiya. Na auna, giram 26.7 ce, maganaɗisu bai kama ta ba. Farinta ne ya tsaya mini a rai: fes kamar jiya aka buga ta, alhali gashin saman kunnen matar da ke jikinta ya suɗe. Mai ita ya rantse ba a taɓa wanke ta ba, kuma kuɗin wadda ba a taɓa ba yake nema. Zuwa jibi ya ba ni. Yaya zan gane?

Abban Sulalla: Wa alaikumus salam. Ka fara auna nauyinta, jabu sun yi yawa.

Sabon Shiga: Yaya, ai na auna. Wankin nake tambaya.

Dattijo: Ɗana, kashe fitilun ɗakin ka bar ƙwai guda. Riƙe ta ta baki, ka karkata a hankali. Wadda ba a taɓa ba, kuma ba ta yi yawo ba, sheƙinta zagayawa yake kamar hannun agogo. Wadda aka tsoma a ruwan sinadari har ya cinye ta, fara ce amma mitacciya. Sannan ka sa gilashi mai ninka biyar zuwa goma a kumatun matar da filin gabanta. Siraran layuka da suka nutse, suna bin hanya ɗaya, har suna hawa kan harufa, sawun tsumma ne. Layukan hatimin bugawa kuwa a tashe suke, sukan tsaya a gindin harafi. Kuma kuɗin da ya yi yawo har gashi ya suɗe, ina ya samo wannan farin?

Hajiya Mai Tari: Ni kam har yau abin na cina. Shekara biyu ina tari don dalar Morgan bugun 1893 mai harafin S (San Francisco), wadda guda 100,000 kacal aka buga. Da na aika a tantance, sai ta dawo da labari biyu. An bi fuskarta da buroshin waya na inji, ƙarfen ya taru a gefen harufa kamar an share yashi zuwa gindin bango. Harafin S ɗin ma liƙa shi aka yi. Na kwana ina dubawa, sai ga ɗan duhun da ya kewaye shi. Wanda ya sayar mini ya daina ɗaga waya. Ƙanena, ka binciki CC ɗin nan kafin komai.

Abban Sulalla: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Amma in wanki ne kawai, ya biya rabi ya ɗauka.

Hajiya Mai Tari: Rabi? Da na tashi sayar da wata wankakkiya, ko sulusi ba a taya ba.

Mai Gilashi: Ya danganta da ƙarancinta. Wannan guda 350,000 aka buga a Carson City, ko da kamfanonin tantance sulalla, PCGS ko NGC, sun rubuta mata "an wanke" sun hana ta lamba a ma'aunin inganci na 1 zuwa 70, tana da masu nema. Kuma ba kowane tsomi ido ke kamawa ba. Dattijo, zamanin ƙwan fitila ya wuce, a aika wa masana.

Dattijo: Masanan ma da fitila da gilashi suke dubawa, yaro. Zuwa jibi aka ba shi.

Ɗan Raha: Ka shinshina ta, in ka ji ƙamshin man goge baki ka gudu!

Hajiya Mai Tari: Ba abin dariya ba ne, da shi mutane ke lalata gadon iyayensu. Ni abin da ya fi ƙona mini rai hotunan masu sayarwa. Su haska fitila tsaye a kan fuskar kuɗin, layuka su ɓace. Ka nemi bidiyo ana karkata ta, a ce ba lokaci.

Mai Gilashi: Sannan a rubuta "ba a dawo da kaya". Sau biyu ana yi mini haka.

Sabon Shiga: Na gwada, Baba. Sheƙin ba ya zagayawa, amma layuka a kumatu kaɗai na gani. Wanki ne ko gogar aljihu?

Abban Sulalla: Mai Gilashi, shi wanda ya ƙi karɓar kayan, ka samu ka karɓo kuɗinka kuwa?