Suwici na hannu da ajin da ke nesa da ofis

Ɗan Ader:
Assalamu alaikum. Ina kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta mai zaman kanta a nan Tawa. An kawo mana suwici na hannu daga Yamai, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci ta waya, Cisco 2960X-24TS-L. Ƙofofi 24 na waya na gane su. Amma akwai ramuka 4 a gefe da kan waya ba ya shiga, ga wata ƙofa an rubuta CONSOLE, wata kuma MGMT, sannan a baya akwai wani murfi da aka ɗaure da kusa. Mai makaranta ya gina sabbin azuzuwa, tazararsu da ofis ta kai mita 180, yana so intanet ta kai can kafin a koma hutu. In ja wayar tagulla ta Cat6 kawai? Ta wace ƙofa kuma ake shiga a saita shi?

Malam na Wadata:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kar ka ɓata kuɗin mutane. Wayar tagulla iyakarta mita 100, ko Cat5e ko Cat6. Ko da ta yi aiki, damina na nan tafe: waya tsakanin gini biyu, tsawa ɗaya ta isa ta ƙona maka ƙofofi a ɓangarorin biyu. Ramukan nan 4 su ne maganin matsalarka. SFP ne, ana sa musu ƙaramin ƙarfe mai karɓar wayar fiba, wato wayar gilashi mai aiki da haske, gigabit 1 kowanne. Nau'in SX yana kai wa har mita 550 a kan fiba multimode, LX kuma kilomita 10 a kan monomode. SX ya ishe ka. Sayi biyu iri ɗaya, kuma ka tabbata suwicin da za ka ajiye can ma yana da ramin SFP. Ka tambayi mai shago ko Cisco na karɓarsu, don wasu na wani kamfani yakan rufe musu ƙofa. Ramukan da ba ka amfani da su a bar su a toshe, ka san ƙurar hunturu a Ader.

Hajiyar Sabar:
Malam ya gama da fiba. CONSOLE ba ƙofar intanet ba ce, siffar ce kawai ta zo ɗaya. Wayarta daban, shuɗiyar nan mai faɗi, ko ƙaramar USB da ke kusa da ita. Haɗa ta da kwamfuta, buɗe manhajar PuTTY, zaɓi Serial, gudu 9600. Ta nan za ka shiga ko da suwicin ba shi da adireshin IP. MGMT ita ce ta shiga daga nesa bayan ka ba ta adireshi, ba a haɗa kwamfutar ɗalibai a kanta. Tunda na hannu ne, da wuya ka same shi ba kalmar sirri. Riƙe maɓallin Mode yayin da kake sa masa wuta, daga nan ake warware ta.

Ɗan Ader:
Allah Ya saka da alheri. Murfin bayan fa? Kuma zai ɗauki kyamarori?

Malam na Wadata:
Wurin FlexStack-Plus ne, na haɗa suwici har 8 su zama kamar ɗaya. Wayoyinsa gajeru ne, bai shafi ginin can ba. Kyamara kuwa, naka mai TS a sunansa ba ya ba da wuta ta wayar intanet, wato PoE, sai irin su mai PS. In mai makaranta ya nace, kowace kyamara a nema mata injekta ta PoE, ƙaramar na'urar da ke sa wa wayar wuta.