Nutso a Bonaire: da ɗan jagora ko mu kaɗai?

Auta: Salamu alaikum. Ni da maigidana za mu je hutu Bonaire, tsibirin Holan da ke kusa da Venezuela. Ni dai na ce wanda ke da takardar shaidar nutso ba ya buƙatar ɗan jagora a can. Ka yi hayar a-kori-kura, ka loda tukwanen iska, ka bi titin gaɓar yamma. Duk inda ka ga dutse mai fenti ruwan ɗorawa da suna a jiki, mashiga ce, kuma murjanin na nan kusa da gaɓa.

Kawu: Wa alaikumus salam. Wace takarda ce a hannunku?

Auta: Open Water, ta matakin farko, Kawu.

Kawu: To iyakarku mita 18. Jirgin Hilma Hooker da ya nutse a 1984 yana kwance a wajen mita 30. Ruwan garau yake, ido na hango jirgin kamar ga shi nan, sai mutum ya yi ta gangarawa bai duba ma'aunin zurfi ba. Wa zai dakatar da ku?

Yaya: Kawu, a yi min afuwa, ban yarda ba. Abin da aka koya musu ke nan, kowa ya kula da ma'auninsa da abokin nutsonsa. In ka bi ayari, da zarar iskar mutum ɗaya ta yi ƙasa, sau da yawa kowa zai juya, ga kuɗinka ya tafi. Kuma wurin ba sakaka yake ba. Tun 1979 ruwan ke ƙarƙashin kariya, hukumar STINAPA ke kula da shi, sai an yi maka bayanin dokoki ka yi nutson gwaji kafin a sake ka.

Anti: Duk kun tsallake shiga da fita, alhali nan aka fi jin ciwo. Gaɓar dutse ce mai kaifi, ga halittun nan masu ƙaya a cikin ramuka, ga tukunya a bayanki igiyar ruwa na tunkuɗa ki. Safar hannu ma an hana. Wanda ya san wurin zai nuna miki ɗan tsagin yashin da ake bi, da alamar da za ki riƙe don dawowa. A mashigar da ake kira 1000 Steps, wato matakala dubu, matakalar ba ta kai ɗari ba, amma hau ta da kaya a jiƙe ki gani.

Yaya: Gaɓar gabas kam na yarda, Anti, can iska ke bugawa, sai da ɗan gari. Yamma a kwance take.

Auta: To za mu ɗauki ɗan jagora kwanakin farko, ya nuna mana mashigai, sauran mu kaɗai. Hilma Hooker mun bar shi.

Yaya: Rana ɗaya ta isa.

Kawu: Ku dai bar aƙalla awa 18 tsakanin nutson ƙarshe da hawa jirgin sama.