Neman kalma: dusar ƙanƙarar da ke ɓallowa daga tsauni

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina da shiri ƙarfe 6 na yamma, kan haɗarin abin da Turawa ke kira "avalanche" a tsaunukan Alps na Turai. Na rubuta "ambaliyar dusar ƙanƙara" amma bai kwanta min ba. Dusar takan taru ne falle kan falle duk tsawon hunturu. In aka samu falle mai rauni a ƙasa, sai na sama ya ɓalle gaba ɗaya kamar allo ya sulalo, galibi a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45. A taimaka.

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo: Wa alaikumus salam ƙanena. Cire ambaliya, ruwa take kawo wa mai sauraro a rai. Ka ce zaftarewar dusar ƙanƙara. Kowa ya san zaftarewar ƙasa, kunne ba zai yi tuntuɓe ba.

Ɗalibi: Ko ruftowa, Hajiya?

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo: Rufin ɗaki ke ruftowa, rami ke ruftawa. Wannan kan gangare take tafiya.

Malamin Hausa: Kalma uku don abu ɗaya? Sunan jimla ke nan. Ni na ce BINNAU, a kan awon mantau da makarau. Aikinta binne mutane, sunanta ya faɗi aikinta. A Galtür ta ƙasar Ostiriya, a Fabrairun 1999, mutum 31 ta kashe, cikin gari ta same su.

Mai fassara: Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗin faɗa. Damuwata ita ce binnau tana nuna kamar bala'i ne da ke faɗo wa mutum yana zaune. Galtür haka ne. Amma a tsaunin da ba a gyara wa masu wasan zamiya kan dusar ƙanƙara hanya ba, akasari nauyin mutumin ko na abokin tafiyarsa ne ke karya fallen. Yakan ji wani "wuf" ƙarƙashin ƙafarsa, ya ga tsaga ta ruga gabansa, shi ke nan. Wannan nake son mai sauraro ya gane.

Ɗalibi: To a aro mana kawai, a ce abalanci. Ai mun aro mota da rediyo.

Malamin Hausa: Wannan lalacin ne ya hana harshen nan ci gaba! Duk abin da ya zo sai mu miƙa hannu. Magabatanmu da suka ga jirgi a sama ba su aro ba, suka ce jirgin sama.

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo: Malam, jirgin sama kalma biyu ce, dusar ƙanƙara ma biyu. Hujjarka ta dawo wajena. Kuma ba a iya gajarta ta, in ka ce dusa kaɗai wani abu dabam za a fahimta. Shekaruna a gaban makirfo sun koya min cewa kalmar da sai an tsaya an yi mata sharhi ta riga ta faɗi.

Malamin Hausa: Hajiya, da girmamawa, gidajen rediyo ba su ne hukumar harshe ba.

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo: Ba su ba ne, amma su jama'a ke ji.

Mai fassara: Don Allah lokaci na tafiya. Akwai wadda ta fi damuna. Ma'aunin haɗarin da Turai ta amince da shi a 1993 mataki 5 ne. Na 1 ƙarami, na 2 matsakaici, na 4 babba, na 5 mafi girma. Na 3 fa, wace kalma zan sa masa? A kansa aka fi mutuwa, don mutane na ganin tsakiya ne sai su fita. Wanda dusar ta binne kuwa, in ba a tono shi cikin minti 15 ba, damar rayuwarsa raguwa take da sauri, numfashi ke ƙare masa. Bana son in sa kalmar da za ta kwantar wa mutum da hankali.

Ɗalibi: Mai tsanani?

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo: Sai ya zarce na 4 a kunne. Ka ce "haɗari sosai" yau, mu sake zama a kai.

Malamin Hausa: Sa zaftarewar taku tunda akwai gaggawa. Ban janye binnau ba, kuma ita zan ci gaba da rubutawa.

Mai fassara: Na gode. Zaftarewar dusar ƙanƙara ta shiga, falle ya zauna. Na 3 na bar shi da alamar tambaya a takardata.