Butar lantarkin da aka aiko mini daga Amurka ta ƙone a jonawar farko

Mai Shayin Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Teburin shayi nake da shi a Aboabo, nan Kumasi. Ƙanena da ke Amurka ya aiko da durom na kaya kafin azumi, a ciki har da butar lantarki ta ƙarfe, tana ƙyalli kamar madubi. Fuloginta bai shiga soket ɗinmu ba, sai na aiki yaro ya sayo adafta. Na cika ta da ruwa na jona. Nan take ta hau gurnani kamar injin niƙa, har na ce kai, kayan Turai daban ne. Ko kofuna ban gama jerawa ba sai warin roba. Adafta ta narke ta manne a jikin soket, buta kuma ta yi shiru har yau.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. A gindinta an rubuta 120V da 1500W. Tsohuwar butata da na saya a Kejetia 230V da 2000W ce, shekara uku tana aiki a wannan soket ɗin. Ta yaya mai 1500 za ta ƙona abin da mai 2000 ba ta ƙona ba? Har yanzu ban gaya wa ƙanen nawa ba, kunya nake ji.

Mai Wayarin Asawase:
Wa alaikumus salam Yaya. Ka kalli lambar wat (1500W), ka bar ta bolt (120V), alhali ta bolt ɗin ce ta kashe butar. Wat 1500 ɗin nan alkawari ne da sharaɗi: in an ba ta bolt 120, wutar gidajen Amurka. Tamu ta Ghana 230 ce.

Abin da ba ya canzawa a buta shi ne turjiyar wayar da ke zafi a cikinta, wato yadda take tare wa wuta hanya. Da om ake auna ta. Ɗauki biro mu yi tare. Raba wat da bolt ka sami amfiya, yawan wutar da ke gudana kenan: 1500 a raba da 120, amfiya 12.5. Sai ka raba bolt da amfiya ka sami turjiya: 120 a raba da 12.5, om 9.6. Da wannan aka ƙera ta, ko Makka ka kai ta 9.6 ce.

To ka kawo ta Aboabo ka ɗora mata 230. Raba 230 da 9.6, wajen amfiya 24. Ninka 24 ɗin da 230, ka ga wat 5,500 da 'yan kai. Kusan ninki huɗu na abin da aka yi ta domin shi. Gurnanin da ya burge ka, kukan ajali ne.

Taka ta Kejetia kuwa, 2000 a raba da 230 amfiya 8.7 ne, turjiyarta wajen om 26. Soket ɗinmu mai ido uku amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, wat 3,000 ba kaɗan. Da fulogi mai fis ne, wato siririyar wayar da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, da ƙila fis ɗin ya tsinke buta ta tsira. Amma yawancin adaftocin bakin titi ba fis a ciki, ƙarfe ne siriri cikin roba. A canza soket ɗin nan gaba ɗaya don Allah, kar a kankare robar a ci gaba da jonawa.

Malama daga Tafo:
Sannu Baba, Allah ya mayar da alheri. Lissafin nan shi muke koya wa yara, dokar Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827. Abin da nake sa su gwada shi ne juya labarin. Ka kai tsohuwar butarka Amurka: 120 a raba da 26, amfiya 4 da rabi, wat 550 ko ƙasa da haka. Ba abin da zai ƙone, sai dai masu jiran shayi su gaji su tafi. Bolt in ya ninka biyu, wat ninki huɗu yake yi, don bolt da amfiya tare suke hawa. Adafta kuwa baki kawai take canzawa, ba ta rage ko bolt ɗaya.

Ɗan Magazin:
Yallaɓai me ya sa ba wanda ya ce a sayi taransifoma mai sauke wuta zuwa 110? Ana sayarwa a Adum. Kuma ai cajar wayata daga can ta zo, lafiya lau take.

Mai Wayarin Asawase:
Ƙanena, juya cajar taka ka karanta, za ka ga 100–240V. Ita an yi ta ta ci kowace wuta. Taransifomar da za ta ɗauki buta sai mai wat 2000 zuwa sama, nauyinta kamar bulo, kuɗinta ya fi na sabuwar buta. Ƙananan nan masu wat 100 ko 200 na rediyo ne da injin aski.

Mai Shayin Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na yi lissafin a bayan kwalin Lipton, ya fito yadda kuka ce. Na ma gano tsohuwar tawa in ta yi rabin awa a jone yunit ɗaya take ci a mita, ashe nan kuɗin ke zurarewa. Akwai injin aski a cikin durom ɗin, yarona tun jiya yake zagaya shi. Na duba, shi ma 120V ne, na kulle shi a akwati. Butar kuwa na yanke igiyar na zuba sukari a ciki, ta yi kyau a kan tebur. In ƙanen ya kira da bidiyo zai gan ta a wurin.