Ɗakin ɓeraye a Gombe ko ɗakin EEG a Bauchi? A taimaka min da shawara

Ummi_TudunWada: Assalamu alaikum yayyena da ƙannena. Ina aji uku a Fisiyoloji a nan Gombe, SIWES ɗinmu, wato zaman koyon aiki na wata shida da ake tura ɗalibai, ya ƙarato. Tun aji ɗaya harkar ƙwaƙwalwa nake so: yadda mutum ke riƙe abu, yadda yake mantawa, da cututtuka irin farfaɗiya. Wuri biyu ne a hannuna. Wani malaminmu yana aiki kan ɓeraye, a ba su maganin da ke dagula musu tunani, sannan a gwada ko zogale zai gyara. Ya ce in zo, amma kowane ɗalibi zai sayi ɓerayensa. Wannan daga gida zan riƙa zuwa. Na biyun, wata likita a wani asibiti a Bauchi tana tattara bayanan masu farfaɗiya, tana neman mace a ɗakin EEG, wato gwajin da ke ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Babu biya. Baba ya yarda, bisa sharaɗin gidan gwaggona a Fadaman Mada zan zauna, ba haya ba. Burina digiri na biyu a wannan fanni. Wanne zai fi min amfani? Kafin ƙarshen wata zan miƙa takarda.

Abba_Kashere: Ki watsar da duka biyun ki nemi na ƙasar waje. Har kuɗin jirgi ake biya.

Ɗan Gwallameji: In Bauchi za ki zo ki tanadi dubu 150 na ɗaki, kuma masu gida ba sa karɓar kuɗin wata shida, sai shekara.

Hafsy_Yelwa: Dubu 150 a ina? Bana ƙanwata ta kama a 250, banɗaki ma na haɗaka.

Ummi_TudunWada: Na gode, amma na ce gidan gwaggo zan zauna.

Sadiya_Anat: Ƙanwata, da na ga kalmar ɓeraye sai da gabana ya faɗi. Irin aikin nan na yi, ba zan faɗi makaranta ko sunan malamin ba. Mu shida ne. Muka haɗa kuɗi aka sayo ɓeraye fararen nan, Wistar, muka sayi abincin kaji muna ba su, muka sayi garin katako na shimfiɗa. Kullum bayan asuba ina ɗakin, har Asabar da Lahadi, don ɓera bai san hutu ba. Ni ce mai awon nauyinsu, ni ce mai ɗura musu magani ta baki da ƙarfen nan mai lanƙwasa. Cizo kuwa har na daina nuna wa mutane yatsuna.

Gwajin da muka yi shi ne na akwati mai reshe uku. Ka saki ɓera, ka zauna da agogo kana rubuta reshen da ya shiga. Mai lafiyayyen tunani yakan nufi inda bai shiga ba ɗazu, wanda aka dagula wa tunani sai ya yi ta komawa inda ya fito. Gaskiya abin da daɗi, har nakan manta da warin. Da aka gama aka yanka su, aka ciro ƙwaƙwalen aka jefa a fomalin, ruwan da ke hana su ruɓewa. Wasu kuma aka ajiye a firiza don gwajin sinadarai. Sai aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, babu man janareto, na firiza duk suka lalace. Malam ya ce mu "daidaita" lambobin da na ɗaliban bara. Na ce ban iya ba. Daga ranar gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa.

Bayan shekara wata ƙawata ta turo min takardar an buga ta a mujalla. Hotunan hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe abu, da na ɗauka da wayata ta bakin madubin likita suna ciki, na gane su don akwai wani ɗan tabo a gefe. Sunaye takwas, har da na matarsa da ba ta taɓa leƙo ɗakin ba. Nawa babu, ko a wurin godiya. Da na je neman wasiƙar shaida ta digiri na biyu ya ce bai tuna ni sosai ba. Na bar shi da Allah. Yanzu ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta.

Maman Khairat: Innalillahi. Allah ya saka miki, Sadiya.

Abba_Kashere: Mai binciken mantuwa ya manta ɗalibarsa. A ɗura masa zogalen mana.

Sadiya_Anat: Abba ka bari, dariya nake amma abin na ci na.

Bello_Lab: Nawa kuka sayi ɓera lokacin? Yanzu babba ɗaya dubu 4 ne, ban da kuɗin mota in daga Vom ta Jihar Filato za a kawo.

Hafsy_Yelwa: Dubu 7 muka saya, kuma uku suka mutu a hanya saboda zafi.

Ɗan Gwallameji: An cuce ku. 2,500 na sani. Ko ku zo sitonmu a kasuwar Muda Lawal ku kwashi na banza, har tukuici zan ba ku.

Bello_Lab: Na sito ba ya aikin bincike, malam. Dole a san jinsinsa, shekarunsa da abin da ya ci tun haihuwa, in ba haka ba sakamakon shirme ne.

Dr_Jahun: Ummi, ni likita ne, kuma Bauchi zan ce ki tafi ba tare da dogon tunani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Ga aiki a gabanmu. Kin san me ya sa likitar ke neman mace? Kafin a ɗauki EEG sai an tsefe kitso, an wanke kai ba a shafa mai ba, a auna kan da tef, a manna wayoyi wajen ashirin a fatar kai. Mata da yawa ba za su cire ɗankwali gaban namiji ba, mazajensu ma ba za su bari ba. Za ki koyi manna wayoyin, ki ga yadda ake sa mutum ya yi ta jan numfashi minti uku ko a haska masa fitila mai walƙiya don a ga ko layukan za su canza. Za ki kuma ji abin da ba ya cikin littafi: uwar da ta kai yarinya wajen masu ruƙiyya shekara biyar kafin ta zo asibiti, da yaron da aka cire daga makaranta don ana ganin yawunsa na yaɗa ciwon, alhali ba ya yaɗuwa.

Bello_Lab: Dakta, da girmamawa, ku likitoci kullum asibiti kuke gani. Yarinyar nan ba likita za ta zama ba. Shekarata 14 a ɗakin gwaji, na ga ɗaliban da aka tura asibiti suka ƙare da ɗaukar fayil da kiran layi. Ba za a bar ta ta fassara EEG ba, kai ma ka sani. A wajen ɓeraye kuwa hannunta zai taɓa komai, daga yanka silaid, wato siririn yankin nama da ake dubawa a madubin likita, har rina shi. Labarin Sadiya laifin mutum ɗaya ne, ba na aikin ba.

Dr_Jahun: Malam Bello, takarda nawa aka buga kan zogale da ɓera, kuma majinyaci nawa suka warke da su?

Bello_Lab: Maganin da kake rubutawa a kan wa aka fara gwada shi, Dakta?

Yaya_Faruk_Ingila: Ku yi haƙuri in shigo. Ina digiri na uku a wannan fanni. Masu tantance takardun neman gurbi ba sa tambayar ɓera ne ko mutum. Suna duba ko ɗalibi zai iya faɗin tambayar da ya bi, yadda ya auna, da abin da ya samu, sannan wa zai rubuta masa wasiƙa. Ummi, ki je wajen kowannensu ki tambaya kai tsaye: akwai amincewar kwamitin ɗa'ar bincike? Wane ɓangare ne nawa? In an buga, sunana zai shiga? Ki kuma nemi ɗaliban da suka yi aiki da su bara ki ji ta bakinsu. Kada ki manta da Damaturu. Cibiyar BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya assasa aka buɗe a 2021, tana horar da ɗalibai kuma suna aiki kan ciwon mantuwa. Ki bibiyi sanarwarsu, da ta TReND in Africa da IBRO, ƙungiyoyin da ke tallafa wa masu binciken ƙwaƙwalwa. Kuma ba dole sai ɓera ba: ƙananan ƙudajen nan da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba, da su ake manyan bincike kan ƙwaƙwalwa, cikin kwana 10 ƙwai ya zama babba, abincinsu ba tsada.

Hafsy_Yelwa: Yaya Faruk, daga Ingila da sauƙin faɗa. 'Yar aji uku ta kalli malaminta ta ce "sunana zai shiga?" Shi zai ba ta maki a aji huɗu fa.

Ɗan Gwallameji: Wato an bar ɓera an koma ƙuda. Saura kyankyaso.

Maman Khairat: Ni na yi aikin tambayoyi da tsofaffi a wani ƙauye wajen Dukku, kuma shi ma da nasa ciwon kan. An ba mu gwajin MoCA, na auna tunani da mantuwa, da Turanci, muna fassarawa a tsaye. A ce wa tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba ta zana agogo ya nuna sha ɗaya da minti goma. A nuna mata zaki da raƙumi ta faɗa, a nuna karkanda ta ce "wannan wace irin saniya ce?" Sai a rage mata maki. Amma da aka zo cire bakwai-bakwai daga ɗari, mai sayar da ƙuli ce, ta riga ni. A takarda ta fito mai ciwon mantuwa, alhali ta lissafo min jikokinta kaf da wanda ya ci mata bashi.

Yaya_Faruk_Ingila: Wannan ita ce matsalar da binciken ciwon mantuwa na Ibadan da Indianapolis ta Amurka ya yi la'akari da ita tun 1992, suka yi amfani da gwajin da bai dogara da boko ba. Da wani zai zauna ya yi irinsa da Hausa da Fulatanci yadda ya kamata, ya ishe shi digiri.

Sadiya_Anat: Digirin ya kai shi ina, Yaya? Mu faɗi gaskiya. Yawancinmu likitanci muka nema aka turo mu Anatomi da Fisiyoloji. Ka gama, ba lasisi, asibiti su ce ba gurbinka, ɗakin gwaji su ce na masu lasisin gwaji ne.

Bello_Lab: To ai doka ce, ba mu muka hana ku ba.

Hafsy_Yelwa: A ajinmu waɗanda ke aikin da ya shafi karatun ba su cika hannu ɗaya ba. Ni turaren wuta nake sayarwa, kuma alhamdulillahi.

Abba_Kashere: Hafsy kina kawowa Kashere? Nawa kwalba?

Dr_Jahun: Kada ku kashe wa yarinya gwiwa. Mu ma da lasisin rabin abokaina sun tafi Saudiyya.

Sadiya_Anat: Ku aƙalla kuna da abin tafiya da shi, Dakta.

Ummi_TudunWada: Na gode ƙwarai, duk na karanta. Anti Sadiya, na tura miki saƙo ta gefe, ina so in san ko malamin ɗaya ne. Tambaya ɗaya ta rage: in na zaɓi Bauchi, likitar za ta iya sa hannu a littafin SIWES ɗina tunda ba ma'aikaciyar sashen asibitin zan zama ba, ko sai shugaban sashe?

Hafsy_Yelwa: Abba, ƙarama dubu 3, babba dubu 5, kuɗin mota naka.