Gidan dutse ya sa ni a gaba, ku ba ni shawara

Ɓoyayyen suna: Salam 'yan uwa, kaina ya kulle. Bara muka sayi tsohon gidan gona na dutse a bayan garin Halifas, arewacin Ingila. Maigida ne ya nace, wai ya gaji da haya. Har filina na gida na sayar, ga surukata kullum sai ta kira ta ce mun kai mata jikoki daji. Irin ginin nan ne da ɗakunan mutane da bargar shanu ke ƙarƙashin rufi ɗaya, da ƙatuwar ƙofa mai baka inda amalanke ke shiga da ciyawa. Kaurin bangon ya fi kamu guda, amma duk ya jiƙe, fenti na ɓarewa, bayan wadirob ya yi baƙi ƙirin. Kuma bargar muke so mu mayar falo. Ya zan yi?

Injiniya: Hajiya, ba ki faɗi mai muhimmancin ba. Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi? In yana ciki, dokar 1990 ta ce sauya masa fasali ba izinin hukuma laifi ne, har kotu. Ko ɗakin ajiyar da ke harabar, in an gina shi kafin Yulin 1948, yawanci hukuncinsu ɗaya. Danshin kuwa na rantse siminti ne. Da ƙwaɓin farar ƙasa da yashi aka ɗora duwatsun nan, ruwa ya shiga ya fita. Wani ya zo ya liƙe tsakaninsu da siminti, ruwan ya rasa hanya. A ƙwaƙule, a mayar da farar ƙasa.

Ɓoyayyen suna: Yana cikin rajista, amma darajarsa a rajistar mataki na biyu ce kawai. Simintin mu muka sa, magininmu ya ce ya fi ƙarko.

Injiniya: Innalillahi! Mafi yawan gine-ginen da ke rajistar ai mataki na biyun ne, dokar ba ta ware su ba.

Maman 'Yan Biyu: Haka yayanmu ya shafe gidan ƙasar mahaifinmu da siminti, ya ce makuba ƙauyanci ce. Damina biyu shafen ya zubo da rabin katanga. Har yau bai ba kowa haƙuri ba.

Ɗan Arewa: Ku daina tsorata baiwar Allah. Anti, sayi na'urar tsotse danshi, ki duba indararo, ki gyara bargarki. Wa zai leƙo?

Injiniya: Maƙwabta za su leƙo. In ma akwai jemagu a rufin bargar, su ma doka ta kare su tun 1981.

Baba Alhaji: 'Yata, ku sayar ku yi gini a gida.

Ɓoyayyen suna: Baba, yara sun saba da makarantarsu. Injiniya, maginin nan fa shekara da shekaru yana aiki, ba na jin zai cuce mu. Ɗan Arewa, nawa ake sayar da na'urar?